Raka'a ta Biyar a Cikin Jirgin da Ba Ya Tashi

Tun da muka dawo daga Habasha ban huta ba. In na je Islamiyya a tambaye ni, in na leƙa gidan suna a ja ni gefe, har mai markaɗen bakin layinmu sai da ya kashe inji ya ce, "Malama Binta, wai da gaske ne kin tuƙa jirgin sama?" Ban tuƙa komai ba, jama'a, ni da ko keken ɗinki sai ya ga dama yake yi mini biyayya. Bari in faɗa sau ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Saboda Nasiru muka tafi. Ɗan yayana Malam Sani ne, amma a ɗakina ya tashi a nan Gwammaja tun daga yaye, don haka in na ce ɗana babu mai yi mini gardama. Ya yi karatun tuƙin jirgi, ya sami aiki, kamfanin ya tura shi Addis Ababa ya koyi babban jirgin fasinja. Sai wata Juma'a ya kira ni, murya kamar ta marar lafiya. Ya faɗi jarrabawar ƙarshe. An ba shi dama ɗaya ya sake, in ya kuma faɗuwa kamfanin zai sallame shi, ya dawo gida duk wahalar shekarun nan ta tashi a banza. Na ce me ya kayar da kai? Ya ce, "Gwaggo, ba zai faɗu a waya ba." Yaron da ko yana ƙarami a bayan ƙyaure yake kuka, sai na ji yana jan hanci. Ina ajiye wayar na yafa mayafi na nufi zauren Yaya.

Yaya malamin zaure ne, littattafan fiƙihu yake karantarwa. Ba shi da yawan magana, in ya yi kuma ba a sa shi ya maimaita. Na ce, "Yaya, zan je wurin yaron nan." Ya ce, "Ke kaɗai?" Na ce, "In ba za ka ba." Ya ce wa zai riƙe masa ɗalibai, na ce waɗanda suka riƙe su da ka tafi Makka. Ni kaɗai ce a dangi nake iya masa haka, ni ce auta, kuma koyarwar firamare ta cire mini tsoron fuskar kowa. Bai ce eh ba, bai ce a'a ba, washegari dai ya aiko mini da fasfonsa.

Aka yi biza, aka yi mana allurar shawara, tawa ta kumbura mini hannu har na kasa ɗaura ɗankwali da kaina. Na haɗa kaya kamar mai kai amarya: kilishi, yaji, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, man shanu. A filin jirgin Kano aka ɗora jakata a ma'auni aka ce ta wuce ƙa'ida. A gaban jama'a na tsuguna ina fitar da ƙullin kaya, Yaya ya juya baya yana jan carbi kamar bai taɓa ganina ba. Man shanun ne ya koma gida, shi da rabin kukar.

A jirgi na zauna kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa mai zuwa sarin kaya, a Addis Ababa za ta canja jirgi. Ta ga na riƙe hannun kujera tun ba a tashi ba, ta ce, "Baiwar Allah, saki jikinki. In kin ji ya girgiza, gargada ce kamar lungunku da damina." Tana gama faɗa ta rufe fuska da mayafi, ba ta sake motsi ba sai da aka kawo abinci. Yaya ya ƙi taɓa naman, burodi ya ci da dabinonsa na aljihu. Ni kuwa taga nake kallo, fili fetal babu ko tsuntsu, ina cewa a raina, yanzu a wannan sararin me zai kayar da mutum jarrabawa?

Da muka sauka, jami'in shige da fice ya ce Yaya ya cire hula a ɗauki hotonsa. Rabon da in ga kan Yaya babu hula har na manta, na kawar da kai don kada dariya ta kuɓuce mini. Sai masu duba kaya. Wata 'yar budurwa ta kwance ƙullin daddawa, ta ja da baya tana toshe hanci, ta kira abokin aikinta. Na tattaro Turancina na aji na ce kayan miya ne. Ta ce ko ya lalace ne a hanya? Wallahi sai na ji kamar an zagi gidanmu. Daga ƙarshe suka bar mini daddawar, ina jin don su rabu da ita ne, suka riƙe kilishin wai ba a shiga da nama. Ina kallo aka wuce da shi, kilishin da na zaɓa da hannuna.

Nasiru na tsaye a waje cikin farar riga mai igiyoyi a kafaɗa. Yana hango mahaifinsa ya zube har ƙasa a tsakiyar mutane yana gaisuwa, masu wucewa suna kewaye shi da jakunkunansu. Yaya ya dube shi ya ce, "Ka rame." Gaisuwar ke nan. Ni ce na kama hannunsa na tashe shi, na ji duk ya zama ƙashi, tausayinsa ya kama ni.

Garin a kan tudu yake, ga sanyi, ga numfashi ba ya isar mutum. Masaukinmu a bene ne, kafin in kai sama sai na zauna na huta kamar wadda ta yi dakan gero. Mai gidan sunanta Zahra, Musulma ce, ita da mijinta wani dattijo mai jin Larabci, nan da nan suka ƙulle da Yaya. Ranar farko duk abin da na faɗa sai Zahra ta ja numfashi da ƙarfi kamar wadda ta ga maciji. Na yi ta waiwaye ina duba bayana. Ashe haka suke cewa eh.

Abincinsu injera, wani faffaɗan abu ne mai ido-ido kamar sinasir, sai dai tsami kamar kamun da ya kwana uku. A kansa ake zuba miya, shi ne kwanon, shi ne cokalin. Ina cikin fama da shi Zahra ta naɗo loma da hannunta ta nufo bakina. Na ce haba baiwar Allah, hannuna lafiyarsa ƙalau! Nasiru ya raɗa mini cewa karramawa ce, ba a ƙi. Na buɗe baki na karɓa kamar jaririya. Sai mijinta ya naɗo tasa ya nufi bakin Yaya. Jama'a, da kun ga fuskar Malam! Ya dubi lomar, ya dubi mutumin, ya yi bisimilla ya karɓa, yana taunawa yana kallon rufin ɗaki. Bayan nan aka kawo gahawa, a gabanmu aka soya ta aka daka, ga turaren wuta ga gugguru, kuma sai an sha zagaye uku ake tashi. Mu da muke dire wa baƙo kwano mu fita don kada ya ji kunya, su zama suke yi su ga ƙarshen lomarka.

Da la'asar Yaya ya bi maigidan masallaci, na tsare Nasiru na ce yanzu ba waya, faɗa mini. Ya ɗauki kofunan gahawa biyu ya ce jirage ne. Ya ce sama ba fili ba ce yadda nake gani, hanyoyi ne hawa-hawa, kuma akwai jami'i a ƙasa da ke gaya wa kowane jirgi inda zai bi. To kowane babban jirgi yana da wata na'ura, tikas suke ce mata, mai sauraron jiragen da ke kusa. In ta ga wani yana matsowa sai ta yi gargaɗi. In abin ya ƙazanta, ita da ta ɗaya jirgin sai su daidaita tsakaninsu, wannan ta ce wa matuƙinta hau, waccan ta ce wa nata sauka. Ya ɗaga kofi ɗaya sama, ya yi ƙasa da ɗayan. Ya ce matuƙi 'yan daƙiƙoƙi kawai gare shi ya bi umarnin, a hankali ba da fizga ba, ko da jami'in ƙasa ya ce masa akasin haka.

Na ce tsaya. Mutum mai rai, mai hankali, ya ce ka sauka, ka ƙyale shi ka bi akwati? Ya ce, "Gwaggo, shi jami'in bai ji abin da na'urorin suka ƙulla ba. In tawa ta ce hau, to ta can ta riga ta ce sauka. In na bi mutum na sauka," sai ya haɗa kofunan suka yi ƙara. Na ce masa ya ajiye wa mutane kofunansu.

Ya ce ranar jarrabawar, a akwatin koyon tuƙi da ake yin ta a ƙasa, shi ke riƙe da tuƙi. Na'ura ta ce hau, muryar jami'i ta ce sauka maza, ga kyaftin mai furfura a kujerar hagu ya yi shiru. "Na san amsar, Gwaggo, ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Amma sai na ga kaina na juya ina kallonsa, ina jiran ya ce wani abu. Babba yana zaune, wani babban yana ba da umarni, ni wane ne? Kafin in farga hannuna ya fara sauka." Yaron da duk unguwa ake misali da ladabinsa, wanda bai taɓa shiga gaban babba a hanya ba, yau ladabin ne zai raba shi da aikinsa.

Malamin da ke horar da shi ya ce mu zo mu ga wurin. Zahra ce ta karɓi saƙon ta gaya mana lokaci, mu kuwa ba mu san agogonsu daban ba ne, daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Muna zaune muna jiran rana ta yi, sai ga Nasiru a guje wai tun safe ake jiranmu. Haka na fita da silifas ɗin wanka, ban lura ba sai a cikin tasi.

Kyaftin Alemu sunansa, dogo, kansa fari fat, mai fara'a. Ina fassara wa Yaya abin da yake faɗa. Ya ce, "Ɗanku hannunsa na da kyau, ban cika samun irinsa ba. Wuyansa ne matsalata. Da abu ya taso sai ya juyo ya kalle ni. Kuma ba shi kaɗai ba ne, mu ma nan haka muke renon 'ya'yanmu, ni kaina sai da aka sha wahala da ni." Ya ce ba shi zai yi masa jarrabawar ba, wani ne daban, shi dai saura zama ɗaya ya rage masa da Nasiru, kuma in muna so mu shiga mu gani.

Abin da suke koyo a ciki wani ƙaton akwati ne a kan ƙafafun ƙarfe, a cikin wani ɗaki kamar sito. Amma kana shiga aka rufe ƙofa, wallahi jirgi ne sak, ga fitilu, ga ƙara, ga gajimare ta gilashi. Aka ɗaure mu a kujerun baya ni da Yaya, kusa da wani ma'aikaci mai riƙe da makirufo, shi ne zai zama jami'in ƙasa. Kyaftin a hagu, Nasiru a dama. Da akwatin ya ɗaga hanci sai da na yi salati da ƙarfi, na manta a ƙasa muke.

Muna tafiya lafiya lau, sai wata murya ta ƙarfe ta yi magana, wani ɗigo ya fito a allon gabansu yana matsowa. Ɗigon ya koma ja, muryar ta shiga cewa hau, hau, da Turanci. A daidai nan ma'aikacin ya daka tsawa a makirufo, sauka yanzu! Ina kallon ƙeyar Nasiru. Wuyan nan ya juya hagu. Ɗan kaɗan ne, amma ya juya, hannunsa ya tsaya cak. Kafin ya ja sitiyarin, wani jirgi ya cika gilashin gabanmu, na rufe ido na ƙwalla ƙara. Da na buɗe an tsayar da komai, Kyaftin ya dafe goshi, Nasiru ya sunkuyar da kai gumi na ɗiga daga haɓarsa. Nan na ji tausayin matuƙan jirgi gaba ɗayansu. Mu muna baya muna ƙorafin shayi ya huce, su suna gaba an ba su ƙiftawar ido su zaɓa tsakanin muryoyi biyu, da rayukan mutane a bayansu.

Yaya ya dube ni. Sai ya ce, "Binta, tambayar mini shi. Ita na'urar nan tana kuskure?" Kyaftin ya ce babu abin da ɗan Adam ya ƙera da ba ya kuskure, amma a wannan lokacin ita kaɗai ce ta san abin da ɗaya jirgin zai yi, shi ya sa dokar duk duniya ta ce ita za a bi, sannan a sanar da jami'in. Yaya ya gyaɗa kai, ya yi gyaran murya irin ta zaure.

"Nasiru."

"Na'am, Baba."

"Kana bin liman sallar Azahar. Ya miƙe zai kawo raka'a ta biyar, kai kuma ka tabbata huɗu aka yi. Me za ka yi?"

"Zan zauna, in ce Subhanallahi."

"In limamin ya girme ka fa?"

"Zan zauna."

"In ni ne limamin?"

Nasiru ya ce a hankali, "Zan zauna, Baba."

"In ka tashi ka bi ni, kana sane, don kunyata, sallar wa ta ɓaci?"

"Tawa."

"To ashe ka sani. Wannan ba ladabi ba ne, kuma ba ni na karantar da kai shi ba." Ya juyo gare ni. "Ce masa a sake. A ba ni abin maganar nan."

Na fassara, Kyaftin ya ɗaga gira, ya dubi Yaya, ya dubi ma'aikacin, ya ce a ba shi. Ma'aikacin ya nuna masa inda zai danna, ya ce zai taɓa kafaɗarsa in lokaci ya yi. Na san muryar Yaya, na san abin da take yi wa yaron nan tun yana rarrafe. Na ce a raina, Yaya, in ka karya shi a nan, da me zai shiga jarrabawa?

Aka sake tashi. Ɗigo ya fito, ya matso, ya yi ja. Na'ura ta ce hau, hau. Ma'aikacin ya taɓa kafaɗar Yaya.

"Nasiru, sauka!"

Da Hausa, da muryar nan da ke sa zaure ya yi tsit. Wallahi ni da ke zaune sai da na ji kamar in durƙusa. Kafaɗun Nasiru suka motsa, amma wuyan bai juya ba. Ya danna wani abu, ya jawo sitiyarin a hankali, na ji bayana ya manne da kujera.

"Ba ka ji ni ba ne? Na ce ka sauka!"

Bai amsa masa ba. Ya yi wata gajeriyar magana da Turanci a makirufonsa, idonsa a kan allo, muna ta hawa. Ta gilashin gefe na ga jirgin nan ya wuce ta ƙarƙashinmu kamar kifi a ruwa. Na'urar ta sake magana, Kyaftin ya ce tana cewa hanya ta buɗe. Ya buga cinyarsa yana dariya, ni kuwa ashe kuka nake yi ban sani ba.

Muna saukowa daga matakalar akwatin, Nasiru ya zube a gaban mahaifinsa a kan simintin nan mai sanyi. "Baba, a gafarce ni." Yaya ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, "Wannan babu abin yafewa a ciki. Amma ka ji da kyau. Ranar da ka ɗauki 'ya'yan mutane a sama, abin nan ya yi magana, ka tsaya kallon furfurar wani, ko da tawa ce, wannan ne ban yafe ba." Ya miƙa hannu ya tashe shi da kansa.

Ranar jarrabawa ba a bar mu mun shiga ba. Muka zauna a wani benci a waje, Yaya da carbinsa, ni da addu'o'in da na iya da waɗanda na ƙirƙira a wurin. Na ga mai jarrabawar da zai shiga, tsoho ne tukuf, ya girmi Yaya nesa ba kusa ba, fuska babu annuri. Na ce shi ke nan, sun nemo kakan kowa sun kawo mana. Zaman nan ya fi mini tafiyar jirgin tsawo.

Da ƙofa ta buɗe Kyaftin Alemu, da ya shiga a matsayin ɗan kallo, shi ne ya fara leƙowa, ya ɗaga mana babban yatsa. Na yi guɗa a ƙasar mutane, ban damu da wanda ya waiwayo ba. Nasiru ya fito rigarsa sharkaf, na riƙe shi na ce, "Faɗa mini gaskiya, ka kalli tsohon nan ko ba ka kalle shi ba?"

Ya ce, "Ban kalle shi ba, Gwaggo, sai da na'urar ta ce hanya ta buɗe." Ya sosa ƙeya. "Sannan na juya na ce masa ya yi haƙuri."

Na ce kai dai ba ka da magani! Yaya ya mayar da carbinsa aljihu, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Ƙyale shi, Binta. Wannan bayan an sallame sallah ne."